Na yi jarrabawar gwaji 16, amma IELTS ta kayar da ni. Ina matsalar take?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya da sakamako ya fito. Wata uku na yi ina shirin IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, nau'in masu neman karatu da rajistar aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya kuwa maki 7 cikin 9 take nema a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu. Na samu littattafan gwaji na Cambridge guda huɗu, kowanne da jarrabawa huɗu a ciki, na gama da su kaf, 16 ke nan. A gida, ɓangaren karatu ba na kasa 33 ko 34 cikin 40. Sai ga sakamako: sauraro 7, magana 7, karatu 6, rubutu 6. Wallahi na daɗe ina kallon allon waya kamar ba sunana ne a kai ba. Tambayata ita ce, shin jarrabawar gwajin nan tana da amfani kuwa, ko yaudarar kai ce kawai?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Anti. Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Ni dai ra'ayina 16 ɗin ce ta yi kaɗan. Ni kafin in shiga sai da na yi fiye da 40, duk wadda na gani a intanet sai na afka mata. Yau da gobe ba ta bar komai ba. Ki ƙara ƙaimi kawai.

Malamin Turanci:
Maman Ilham, sannu da ƙoƙari. Kafin kowa ya ba ki shawara ina da tambayoyi, kuma ki amsa min tsakaninki da Allah, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kin zauna ɓangaren karatu, kina saita agogo a kan minti 60 ki ajiye alƙalami in ya buga? In kina sauraro, kina tsayar da muryar ko ki mayar da ita baya? Kuma ɓangarori ukun nan, sauraro da karatu da rubutu, kin taɓa yin su a jere a zama ɗaya?

Maman Ilham:
Malam, ka kama ni. Agogo ina sawa, amma in ya buga saura tambaya biyar ko shida sai in ce bari in ƙarasa, ai minti biyar ba komai ba ne. Sauraro kuma yawanci da dare nake yi bayan yara sun yi barci, in ƙaramar ta motsa dole in tsayar, in na dawo sai in ɗan mayar baya don in kama zaren maganar. A jere kam ban taɓa yi ba. Yau karatu, gobe sauraro. Rubutun ma gaskiya sau shida kawai na yi, don ba ni da mai duba min.

Malamin Turanci:
To kin ga ba jarrabawar gwaji 16 kika yi ba. Atisaye kika yi sau 16, kuma atisaye abu ne mai kyau, amma makin da ya ba ki ba na gaskiya ba ne. Bari in yi miki lissafi. Tambaya shidan nan da kike ƙarasawa bayan lokaci ya cika, cire su daga 33, saura 27. A ƙiyasin da masu jarrabawar suke bayarwa, 30 cikin 40 shi ne maki 7 a karatun nau'in da kika zauna, 23 kuma shi ne maki 6. Wato tun a gida kina tsakanin 6 da 7 ne, ba ki sani ba. Ranar jarrabawa sai gajiya ta ɗauki nata kason: kin yi rabin awa kina kasa kunne, ba hutu aka miƙo miki dogayen rubuce-rubuce uku, ba hutu kuma aka ce ki yi rubutu na awa guda. Kusan awa biyu da minti 40 a kujera ɗaya. Jikinki bai taɓa ɗanɗana wannan ba sai ranar. Jarrabawar ba ta zalunce ki ba, ma'aunin gida ne kika riƙa danna wa yatsa.

Ɗan Auta:
Malam, na yarda da batun agogo. Amma har yanzu ina nan kan bakana, yawa yana da amfani. Ni fa 7.5 na ci, kuma ban taɓa zuwa wajen wani malami ba.

Malamin Turanci:
Ina taya ka murna ɗan'uwa. Amma faɗa mana, kafin ka fara shiri yaya Turancinka yake?

Ɗan Auta:
To, da Turanci nake aiki kullum, rahotanni nake rubutawa a ofis shekara biyar ke nan.

Malamin Turanci:
Ka ga ka ba da amsa da kanka. Kai harshen yana hannunka, tsarin jarrabawar kawai ka koya, shi kuwa gwaji biyar sun isa su koyar da shi. Sauran 35 ɗin kwanciyar hankali suka ba ka. Wanda matsalarsa ƙarancin kalmomi ce ko jinkirin karatu, ko gwaji ɗari ya yi makinsa zai tsaya inda yake. Mai zazzaɓi ba ya warkewa don an gwada zafin jikinsa sau goma a yini. Maman Ilham ta fi mu sanin wannan.

Ɗan Auta:
Kwanciyar hankalin ma ai maki ce, Malam. Na ga wanda ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba, hannunsa na rawa a ɗakin jarrabawa, ya fito da 6.5.

Ummu Khalid:
Ku bari in shigo, don ni na sha irin ruwan da Maman Ilham ta sha. Zamana na farko 6 na samu a karatu, na biyu 7.5, kuma tsakaninsu sabon gwaji huɗu kacal na yi. Abin da ya canza shi ne wani ƙaramin littafi da na ware na kurakurai. Duk tambayar da na faɗi sai na rubuta lambarta, amsar da na bayar, amsar gaskiya, layin da amsar take a cikin rubutun, sannan dalilin da ya sa na kauce. Gwajin awa ɗaya sai ya ci min awa uku wajen bita. Da farko abin ban haushi ne, don mutum ya fi son ya ga maki ya wuce gaba. Amma bayan mako biyu na buɗe littafin na ga abin mamaki: fiye da rabin kurakuraina daga nau'in tambaya ɗaya suke, wannan da ake cewa ka zaɓi gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a faɗa ba.

Ga irin tarkon. A ce rubutu ya yi bayanin wata tsohuwar gada, ya faɗi shekarar da aka gina ta da yawan mutanen da suka yi aikin da tsawonta. Sai tambaya ta ce ita ce gada mafi tsawo a zamaninta. Ni da na ga an yi ta yabon gadar sai in ce gaskiya ne. Wani lokaci kuma in ce ai ban ga an faɗi haka ba, saboda haka ƙarya ne. Duka biyu kuskure. Ƙarya ita ce in rubutun ya faɗi akasin maganar ƙarara, misali ya ce akwai wata da ta fi ta. In ya yi shiru, to ba a faɗa ba. Ni ina amsawa ne da abin da hankalina ya ba ni, su kuwa abin da ke kan takarda suke tambaya. Gwaji nawa na yi a baya ban gane wannan ba? Sun fi goma. Ina ganin jan alama in ce kash, in juya shafi.

Maman Ilham:
Yaya Ummu Khalid, kamar kina bayana kina kallona. Ni har wani abu nake yi: in na duba amsa na ga na rubuta kalmar daidai amma na manta harafin jam'i a ƙarshe, ko na kuskure harafi ɗaya, sai in ba kaina makin, in ce ai na sani.

Ummu Khalid:
Ƙanwata, ki daina tausaya wa kanki wajen maki, mai dubawa ba zai tausaya miki ba. Harafi ɗaya ya kauce, makin ya tafi. In an ce kada amsa ta wuce kalma biyu kika rubuta uku, ya tafi ko da amsar tana ciki. Abu ɗaya dai mai daɗi, ba a cire maki don an amsa ba daidai ba, saboda haka kada ki bar gurbi ko ɗaya fayau, ko cinke ne ki yi.

Injiniya:
Ƙari kan batun sauraro. Sau ɗaya tak ake saka muryar, tambaya 40, kashi huɗu. Wanda ya saba mayarwa baya ya koya wa kunnensa lalaci, kunnen ya san akwai dama ta biyu. Kuma suna da wata dabara: mai magana zai ce taron ranar Talata ne, kana cikin rubutawa sai ya ce af, an ɗaga zuwa Alhamis. Ga 15 da 50 da a Turanci kusan sauti ɗaya suke a kunnen da bai saba ba. Fasahar da gwaji na gaskiya ke koyarwa ita ce sakin abin da ya wuce. In tambaya ta 14 ta kuɓuce maka, ka bar ta, in ka tsaya jimaminta sai 15 da 16 su bi ta. Wannan ba a koyonsa da yatsa a kan maɓallin tsayarwa.

Sannan a yi gwaji da irin kayan da za a zauna da su. A ta takarda, inda har yanzu ake yin ta, ana ba da minti 10 a ƙarshen sauraro don kwafe amsoshi, a ta kwamfuta minti 2 ne kawai na dubawa. A karatu kuwa babu ƙarin lokaci ko kaɗan, cikin minti 60 ɗin za ka kwafe komai. Ni ta kwamfuta na zauna bayan na yi duk shirina da fensir, na sha wahala wajen buga rubutu. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Sabon Shiga:
Salam. Duk mai son ainihin tambayoyin da za su fito a watan gobe, ko a gyara masa sakamako daga ciki, ya yi min magana ta akwati. Tabbas ne, ba wasa.

Mai Kula da Zaure:
Na cire wannan mutumin, amma na bar saƙonsa don ku gane irinsu. Babu wanda ke da tambayoyin watan gobe, babu mai gyara sakamako. Jami'o'i da hukumomi suna tantance sakamako kai tsaye daga wajen masu jarrabawar, takardar bogi ba ta wuce wannan matakin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A ci gaba.

Ɗalibar Digiri:
Ni TOEFL na zauna, wata jarrabawar Turancin daban, ba IELTS ba, amma darasin ɗaya ne, da ƙarin gargaɗi. Ku duba shekarar kayan gwajin da kuke amfani da su. A 2023 hukumar ETS mai shirya ta ta rage tsawon TOEFL zuwa ƙasa da awa biyu, ta kuma sauya ɗaya daga cikin ayyukan rubutu. Wata ƙawata ta ba ni tsohon littafinta, na yi makonni ina horar da kaina a kan nau'in rubutun da aka riga aka cire. Allah ya taimake ni na leƙa shafin hukumar kafin ranar. Duk jarrabawar da za ka zauna, fara da samfurin da masu ita suka saka a shafinsu, shi ne sabo.

Injiniya:
Haka ne. Kuma gwaje-gwajen kyauta da ke yawo a intanet ba duka ne abin dogaro ba. Na taɓa yin wani da amsoshin da ya bayar ma kuskure ne, na yi rabin awa ina zargin kaina. Wasu sun fi ta gaskiya sauƙi don ka ji daɗi ka dawo, wasu sun fi ta tsauri don ka firgita ka sayi darasinsu. IELTS mallakin British Council ce da IDP da Cambridge, abin da ya fito daga hannun waɗannan ukun shi ne ma'auni. Sauran a yi atisaye da su, amma kada a ɗauki makinsu da muhimmanci.

Maman Ilham:
To rubutu fa? Nan ne na fi rasa yadda zan yi. Karatu da sauraro akwai amsoshi a bayan littafi. Rubutu wa zai gaya min 6 ne ko 7? Na gwada ba manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira ta duba min, yau ta ce 7.5, gobe na sake ba ta rubutun nan dai ta ce 6.5.

Malamin Turanci:
Ki yi amfani da ita wajen kamo kurakuran nahawu, tana da amfani a nan. Maki kuwa kada ki karɓa daga bakinta. Abin da za ki yi, ki sauko da takardar ma'aunin maki da masu jarrabawar suka wallafa, kyauta ce. Abubuwa huɗu ake dubawa, kowanne nauyinsa ɗaya: ko kin amsa abin da aka tambaya, tsarin tunani da haɗin jimloli, yalwar kalmomi, sai nahawu. Yawancin waɗanda na gani sun maƙale a 6 ba nahawu ne ya riƙe su ba, na farkon ne. Tambaya ta zo da rassa biyu, misali me ke jawo matsala kaza kuma yaya za a magance ta, mutum ya zuba sakin layi uku a kan dalilai, magani ya ba shi jimla biyu a ƙarshe don lokaci ya ƙure. Turancinsa tsaf, amma rabin tambaya ya amsa.

Kuma ki kula da rabon lokaci. Aiki biyu ne a ɓangaren rubutu: na farko kalma 150 ne aƙalla, minti 20. Na biyu kalma 250, minti 40, kuma nauyinsa ninki biyu ne na na farkon. Na sha ganin ɗalibi ya ɓata minti 35 yana ƙawata bayanin jadawali, ya zo babban aikin yana gudu. Rubutu shida a wata uku ya yi kaɗan ƙwarai, a nan kam ina tare da Ɗan Auta. Amma ki riƙa sake rubuta wanda aka gyara miki kafin ki taɓa sabuwar tambaya. Ko sau biyu ko uku ne, ki nemi wanda ya san ma'aunin ya duba miki da idonsa.

Ɗan Auta:
Alhamdu lillahi, yau Malam ya yarda da ni a wani abu, a rubuta kwanan wata. Ni a rubutu haddace jimlolin buɗewa da na rufewa na yi, sun kuma yi min aiki.

Malamin Turanci:
Kada ka ɗora mutane a kan wannan hanya. Sanin tsari daban, hadda daban. Masu dubawa sun ga jimlolin nan sau ba adadi, da gani suke gane su. In buɗewar ta zo da Turanci mai ƙyalli, sai jimla ta uku ta faɗo ƙasa, bambancin kamar sabon faci ne a tsohuwar riga. A magana ma haka, da mai jarrabawa ya ji kana karanto hadda sai ya karkata tambayar.

Ummu Khalid:
Tunda an zo magana, ga abin da ya taimake ni. Ɓangaren minti 11 zuwa 14 ne gaba ɗaya, amma tsakiyarsa ne ke kayar da mutane: a ba ka kati, minti ɗaya na shiri, ka yi magana kai kaɗai har minti biyu. Na ɗauka abu ne mai sauƙi sai da na naɗi muryata a waya. Na yi ta zuba, na ji kamar na yi huɗuba, na duba agogo, daƙiƙa 50. Da na saurara kuwa kunya ta kama ni, kalma ɗaya na maimaita ta fi sau goma. Kuma kada kowa ya wahalar da kansa wajen karya harshe ya zama Bature. Ba a cire maki don karin harshe, abin da ake so a fahimce ka ba tare da wahala ba. Mu dai mu lura da p da f, wannan tsohon ciwonmu ne, don akwai kalmomin da ma'anarsu ke juyewa.

Injiniya:
Maman Ilham, akwai tsarin sake ɓangare ɗaya kawai ga wanda ya zauna ta kwamfuta, cikin kwana 60 da jarrabawar farko. Sai dai ke biyu ne suka gaza, ba zai fitar da ke ba. Na faɗa ne don masu karatu, kuma su fara tambayar inda za su kai sakamakon ko suna karɓar irinsa.

Maman Ilham:
Na gode. To in sake rajista yanzu ko in jira? Zuciyata tana ce min in yi maza tun abin yana da zafi.

Ɗan Auta:
Ki yi rajista Anti, in babu rana a gabanki ba za ki dage ba.

Malamin Turanci:
Ni kuma na ce kada ki biya kuɗi sai kin yi gwaji na gaskiya sau biyu a jere kin samu 31 ko 32 a karatu, don ranar jarrabawa takan ci maki ɗaya ko biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matsalarki yanzu ita ce kin ƙone gwaji 16, kin san amsoshinsu, maimaita su zai ba ki makin ƙarya. Ki yi amfani da su wajen bita irin ta Ummu Khalid. Sababbin da za ki samu ki yi tattalinsu, ɗaya a mako ya isa.

Ɗan Auta:
Ɗaya a mako? Malam, wannan ai sai shekara ta zagayo. Ni dai biyu ko uku.

Malamin Turanci:
In tana da awa tara na bita a mako bayan aikin asibiti da yara, bismillah.

Maman Ilham:
Salam, na dawo. Jiya ba ni da aiki, na kai yara wajen 'yar'uwata, na kashe waya, na zauna tun ƙarfe tara da sabon gwaji, uku a jere. Da agogo ya buga na ajiye alƙalami, hannuna har ƙaiƙayi yake, saura tambaya biyar na cinka su a minti na ƙarshe. Sauraro 31. Karatu 26. Na ba kaina maki ba sani ba sabo, guda biyu harafi ne ya kayar da ni. Cikin 14 da na faɗi a karatu, shida na gaskiya ko ƙarya ne, huɗu daga waɗanda na cinka, kuma na lura rubutun karantawa na farko ya cinye min minti 26 shi kaɗai. Aiki na biyu na rubutu na tsaya a kalma 231, ban kai ba. Ban yi rajista ba tukuna. Yaya Ummu Khalid, don Allah ki ɗauko min hoton shafi ɗaya na littafin kurakuranki in ga yadda kika ja layukan.

Ummu Khalid:
Ina hanya yanzu, in na isa gida zan turo. Rubutun hannuna dai sai haƙuri.